Muryar Haya

Ranar da na fara jin muryata a bainar jama'a, ina cikin A Daidaita Sahu ne wajen shataletalen Ɗangi, na taso daga Titin Gidan Zu za ni gida. A 2013 ne, 'yan watanni bayan an hana acaɓa a Kano. Direban ya ƙure sauti, wata dattijuwa a gefena tana bin waƙar tana kaɗa kai. Da aka shiga baiti na biyu sai ta taɓa ni ta ce, "Ke 'yata, kin ji yarinyar nan? Allah ya ba ta murya." Ta kira sunan wata 'yar fim. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya." Ban ƙara tofawa ba har na sauka.

Baitin nan ni na rubuta shi a bayan tsohon littafin da Baba yake lissafin buhunan dankali, ni kuma na rera shi. Naira 7,000 aka damƙa mini a situdiyo, na karɓa hannu biyu har da durƙusawa, na biya kasuwa na sayo wa Umma atamfa.

'Yan mata da yawa suna turo mini saƙo, suna tambayar yadda ake zama mawaƙiya mai zaman kanta, ba ubangida ba kamfani. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta yadda tawa ta kasance.

Ni 'yar Jos ce. A Nasarawa Gwom aka haife ni a 1993. Baba fataucin dankalin Turawa da kabeji yake yi, ya saro daga Bokkos da Mangu ya loda wa mota zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano. Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne ko kusa. Kakana na wajen uba ladan ne, shekara talatin da ɗoriya yana kiran salla, kuma wannan ita ce hujjar Baba ta farko da ta ƙarshe a duk wata gardama. Amma kaset ɗin Ɗanmaraya ba ya rabuwa da rediyonsa. In Umma ta tsokane shi ta ce, "Malam, ashe kai ma kana jin kiɗa," sai ya ce, "Wannan ai wa'azi yake yi." Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai game da mutumin nan shi ne kaɗaicinsa. Shi ɗaya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba kalangu, amma ya cika ɗaki.

Awon baiti a Islamiyya na koye shi. Malaminmu yana sa mu ƙasidun da za mu rera ranar saukar karatu, in kin ƙara gaɓa ɗaya ko kin rage, sai ya ɗaga bulala ya ce, "Baitinki yana ɗingishi." Har yau in ina rubutu muryarsa nake ji.

Jita kuwa ta kan katanga ta shigo mini. Maƙwabtanmu Kirista ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, akwai wata bishiyar fiya da ke inuwantar da gidajen biyu. Babbar 'yarsu, wadda muke kira Anti, tana cikin mawaƙan cocinsu, kuma da Hausa suke yawancin waƙoƙinsu. Da yamma takan zauna a gindin bishiyar tana gwaji. Ina 'yar shekara 12 na fara laɓewa ina kallon yatsunta, har wata rana ta ce, "Ke, zo nan, laɓe ba ya koyar da komai." Riƙo uku ta koya mini, wato yadda ake danne tsirkiyoyi kala uku. Ta ce da ukun nan za ki iya raka waƙa ɗari. Yatsuna suka yi kanta, Umma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Rikicin Nuwamba 2008 ya girgiza mu amma muka zauna. Na Janairu 2010 a unguwarmu ya fara, ranar Lahadi. Ba zan faɗi abin da idona ya gani ba. Mun fita da kayan jikinmu, su Anti ma sun fita da nasu, kowa ya nufi inda yake ganin nasa ne. Ko sallama ba mu yi ba. Bayan wata ɗaya Baba ya kwaso mu zuwa Kano, ya kama mana haya a Kawaji don ya kusanci kasuwa.

Shigata situdiyo ba shiri ba ne. Bayan na gama sakandare a 2011, wata ƙawata za ta yi aure, ba ni da kuɗin gudummawa, sai na rubuta mata waƙa. Yayana ya ce maimakon na rera da baki a wajen kamu, mu je a ɗora mata kiɗa. Ya kai ni wani ɗaki a saman bene a Titin Gidan Zu, an manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai. Mai kiɗan ya saurare ni sau ɗaya, ya dubi Yaya ya ce, "Ba ni lambarka."

Maganar ta kai wata biyu kafin ta isa kunnen Baba, don kowa tsoron faɗa yake. Goggo, yayarsa, ita ta ɗauki nauyin. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya sa aka kira ni. Ya ce, "Mu ba maroƙa ba ne, ba mu gada ba. Amma tunda Yaya ta sa baki, ga sharaɗi uku. Ba rawa. Magariba a gida za ta same ki. Kuma kada na ji kin kira sunan wani don ya ba ki kuɗi." Sharaɗi na biyu ko bai faɗa ba gari ya faɗa, don lokacin ba a daɗe da harin 20 ga Janairu 2012 ba, Kano duk shingaye ne da dokar hana fita.

Wanda bai taɓa shiga ba bai san yadda ake yin waƙar nanaye ba, bari na ɗan faɗa. Mawaƙi namiji ne yake zuwa da waƙarsa. Mai kiɗa ya zauna gaban fiyano, yawanci Yamaha, ya haɗa ganga da sarewa da goge duk daga cikinta. In an gama sai a kira mace. Ki shiga ɗan akurkin da makirufo yake, a sa miki abin ji a kunne, mawaƙin ya faɗi layi ki maimaita, ya faɗi ki maimaita, har a gama. A ɗora Auto-Tune, wato manhajar da ke daidaita murya, a sallame ki. Daga nan furodusa ya sayi waƙar, jarumi da jaruma su hau ta a fim, su ake gani su ake yabo. Wani lokaci ana rubuta sunan mawaƙin a ƙarshen fim, na macen kuwa sai an ga dama. A rana ɗaya nakan yi waƙa huɗu, ban san fim ɗin da za su shiga ba, ban ma san ƙarshen labarin da nake kuka a kansa ba.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne a lokacin. Muryata ta asali mai kauri ce, a ƙasa take, irin ta Umma. Kasuwa kuwa siririya take so, mai kama da ta matan da ke rera wa finafinan Indiya. Kullum mai kiɗa cewa yake, "Ƙara sama, Hajiya, matse ta." In na kasa kaiwa sai ya ja ta da na'ura. Shekara uku ina ci da wata murya da ko a gida ba na magana da ita.

Waƙar da dattijuwar nan take bi ita ce ta farko da na rubuta da kaina aka saya. Na rera wa mai kiɗa ita ne muna jiran a kawo wuta, wani furodusa yana zaune yana cin gyaɗa, ya ce yana so. Ba takarda, ba shaida, ba komai. Na ɗauka aikin yini ya biya ni. Ashe a wajensa ya sayi baitin, ya sayi karin, ya sayi muryar, har abada. Waƙar ta zagaye gari. A kasuwar waya ta Farm Centre masu tura waƙa a memori suna karɓar naira 20 ko 50 a kanta, gidajen biki suna sa ta, wayoyi suna aika wa juna ta Bluetooth har Maraɗi da Damagaram. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na yi ƙarfin hali na je na ce ko za a ɗan ƙara mini wani abu, ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, wanda ya sayar da akuya ai ba ya dawowa neman 'ya'yanta." Gaskiya ya faɗa a bisa al'adar wurin. Sai da na shekara kusan takwas kafin na san cewa waƙa haƙƙi biyu gare ta, na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa, kuma ana iya sayar da ɗaya a riƙe ɗaya.

Yanzu zan faɗi abin da na fi jin kunyarsa, don in na ɓoye shi labarin ya zama ƙarya.

Kakar zaɓen 2015 ta zo, situdiyo ta cika da 'yan siyasa da yaransu. Duk mawaƙin Hausa ya san cewa abin da za ka samu a wata uku na kamfe ya fi na shekara uku na waƙar soyayya. Aka kira ni amshin waƙar wani ɗan takara. Na ce wa kaina amshi ne kawai, ba ni na kira suna ba. Da suka ga ina gyara wa mawaƙin baitocinsa masu ɗingishi, sai suka ce na rubuta nawa guda uku, na yi wa abokin hamayya habaici. Na rubuta. Kuma wallahi sun yi daɗi, nan ne matsalar. Na kwatanta mutumin da abubuwan da ba zan maimaita ba, mutumin da ban taɓa gani ba sai a fosta. Aka ba ni naira 120,000 a cikin baƙar leda. Ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba.

Na ɗauka tunda muryar a matse take ba wanda zai gane. Motar kamfe ta shiga 'Yankaba da manyan lasifikoki, Baba yana tsaye kan buhunansa. Da ya dawo da daddare bai ɗaga murya ba. Ya wanke hannu, Umma ta ajiye masa tuwo, ya tambaya wa ya yi girkin. Aka ce ni. Ya ture kwanon ya ce, "Yau na ji jikar ladan tana zagin mutumin da bai ci mata komai ba." Sati uku ba ya cin abin da na dafa, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Sai da Goggo ta sake zuwa, na durƙusa gabansa ina kuka, na yi alkawarin ba zan ƙara ba. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ban ƙara ba. An neme ni a 2019, an neme ni a 2023 da kuɗin da ya ninka wancan sau da yawa.

To amma ga inda abin yake da ɗaure kai. Da kuɗin zagin nan na sayi 'yancina. Na so na mayar, Yaya ya ce wa za ki mayar wa? Muka je Titin Beirut muka sayi kwamfuta Beljiyam, da makirufo, da ɗan akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Da canjin ya samo mini tsohuwar jita a Sabon Gari, tsirkiyarta ɗaya a tsinke. Duk waƙar da na mallaka a yau daga cikin baƙar ledar nan ta fito. Na daɗe ina juya wannan a raina, har yanzu ban gama da shi ba.

Shekara biyu na yi ina koyon FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, a YouTube da datar dare mai araha, ina ci gaba da zuwa amshi da rana don na samu na sabulu. Jitar kuwa, riƙo ukun Anti suna nan a yatsuna kamar jiya. Na ƙara da sauraron makaɗan jitar Agadas, waɗanda kiɗansu yake yawo a memorin direbobin Nijar. A wajensu na gane cewa jita tana iya magana da harshenmu, tana iya tafiya irin ta gurmi da garaya, ba lallai sai ta bi ta Turawa ba.

Na yi aure a 2017. Wanda ya fara nemana danginsa sun ce ba za su haɗa zuri'a da mawaƙiya ba, ya janye, na yi kukana na share. Wanda Allah ya zaɓa mini malamin firamare ne, ya san sana'ata tun kafin ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Da muka tare na daina zuwa situdiyo gaba ɗaya. Sif ɗin kayan aurena ita ta zama ɗakin naɗar murya. In buɗe ƙofofinta, in rataya bargo biyu, in tura makirufo tsakanin atamfofi, in zauna a ƙasa. Tufafi suna shanye amsa-kuwwa fiye da kwalin ƙwai, wannan na tabbatar. Lokacin aiki kuwa daga ƙarfe ɗaya na dare, in janaretan maƙwabta ya mutu, zuwa kiran assalatu.

Abin da yake ciyar da mu har gobe waƙar biki ce. A turo mini sunan ango da amarya da iyaye da ƙawaye ta WhatsApp, wani lokaci suna ashirin, in zauna in nema wa kowanne gurbi ba tare da baiti ya yi ɗingishi ba. Na ji tsoron wannan ya taɓa sharaɗin Baba na uku, sai na je na tambaye shi da kaina, don na gaji da ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Kuɗin kafin ki buɗe baki ake yanke shi, ko bayan kin buɗe?" Na ce kafin. Ya ce, "Kina zuwa wajen a liƙa miki?" Na ce a'a, aika musu nake yi. Ya ce, "Wanda ya yi ciniki kafin ya fara aiki ɗan kasuwa ne, kamar tela. Maroƙi shi ne mai wasa ka yana kallon aljihunka." Ban san ko malaman Hausa za su yarda da wannan rabe-raben ba, ni dai ya ishe ni.

Nawa waƙoƙin, waɗanda ba wanda ya yi oda, a 2018 na fara ɗora su a YouTube. A daidai shekarar suka tsaurara ƙa'ida, sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara biyan ka. Shekara biyu ina da mabiya ɗari uku da 'yan kai, rabinsu dangi ne da ƙawayen Islamiyya. Mutane suna cewa waƙar ba ta da gangar rawa, muryar kamar ta namiji, kuma me mace take yi da jita. Wani tsohon abokin aiki ya kira ni ya ce, "Hajiya, ki dawo mu yi abin da kasuwa take so, wannan wahalar banza ce." Na kusa komawa. Abin da ya hana ni ba wani ƙarfin zuciya ba ne, ciki gare ni, hawa benen nan ya fi ƙarfina.

Sai kullen korona ya zo a Afrilu 2020. Aka rufe Kano, biki ya tsaya, oda ta tsaya, makarantar Abban yara ta rufe. Muna zaune a ɗaki ɗaya da jaririya, ana ta jin sanarwar rasuwa a unguwa. Ban san dalili ba, a kwanakin nan Jos kawai nake mafarki. Wani dare na shiga sif da jita, ban kunna ganga ba, ban ɗora Auto-Tune ba, na rera da muryar da nake yi wa 'yata wasa. Amshin yana cewa:

Katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida,
Hayaƙin tuwonmu a sama yake haɗuwa.

Riƙo uku ne kacal a cikinta. Hoton da na ɗora a kai ma na taga ne, ba fuskata. Na saka ta na kwanta.

Ba ta fashe dare ɗaya ba kamar yadda ake faɗa a labarai. Sati biyu shiru. Daga baya na fara ganin ta a situs ɗin mutanen da ban sani ba. 'Yan Jos ne suka ɗauke ta, waɗanda suka watse zuwa Bauchi da Kano da Abuja, da waɗanda suka koma ɗaya ɓangaren garin. Wasu suna rubuto mini sunan layinsu da lambar gidansu da ya ƙone. Wata mata ta rubuto da Hausar coci ta ce ita ma tana da maƙwabciya da ba su yi sallama ba. Na karanta saƙon nan ya fi sau ashirin ina neman alamar Anti a ciki. Ba ita ba ce. Har yau ban same ta ba, ban san ko tana raye ba. Akwai kuma waɗanda suka zage ni, na nan suna cewa ina yi wa arna kuka, na can suna cewa mu muka fara. Waɗannan ban amsa musu ba.

Kafin ƙarshen shekarar na cika ƙa'idar YouTube. Sai jiran wasiƙar lambar sirri da ake aikowa ta gidan waya don a tabbatar da adireshi, sai jiran kuɗin su kai dala 100 kafin a turo. Ranar da suka shigo na yi sujada a tsakar ɗaki.

Murnar ba ta daɗe ba. Wata safiya na ga sanarwa cewa waƙar tawa mallakin wani ce, kuɗin tallanta wajensa za su tafi. Yadda abin yake, in ka ba kamfanin rarraba waƙa sautinka, suna iya yi masa rajista a wani tsari da ake kira Content ID, wanda ke gane sauti duk inda aka ɗora shi. Wani bawan Allah ya sauke waƙata, ya canza mata suna, ya riga ni kai ta. Na ji kamar ina cikin A Daidaita Sahun nan na 2013. Sai dai a wannan karon ina da abin nunawa: fayil ɗin aikin yana cikin kwamfutata da kwanan watansa, ga muryar zalla ba kiɗa, har kukan 'yata ya shiga wani ɗauka da na watsar. Na shigar da ƙorafi. Ƙa'ida ta ba shi kwana 30 ya amsa, kuɗin suna riƙe a tsakani. Bai amsa ba, da'awarsa ta faɗi. A satin na biya kuɗin shekara na wani kamfanin rarrabawa, wajen dala 20, na yi wa duk waƙoƙina rajista da sunana. Daga baya katin bankina na naira ya daina biyan dala, sai wani ɗan Goggo da ke Jidda yake biya mini ina tura wa mahaifiyarsa.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗauka na yi arziki. Spotify ta shigo Najeriya a Fabrairu 2021, ga Audiomack ga Boomplay, waƙoƙina suna ko'ina. Amma sauraron da aka yi daga Kano ko Yamai ba ya kawo abin da na Landan ko Riyad yake kawowa, saboda kuɗin talla da na rajista a nan ƙanana ne, kuma mafi yawan masu sona har yanzu tura musu ake yi a waya kyauta. Wata mai kyau, abin da intanet ke kawowa yakan biya kuɗin makarantar yara biyu. Wata maras kyau, data kawai yake saya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, na ajiye janareta na tara kuɗin biki shida na sa ƙaramar sola. Ni ce marubuciya, ni ce mai kiɗa, ni ce mai tace sauti, ni ce mai amsa waya, ni ce mai bin bashin uwar amarya. Akwai daren da nake kewar zamanin da zan maimaita layi huɗu a miƙo mini kuɗi na tafi gida.

In yarinya ta zo mini yanzu za ta shiga situdiyo, abu ɗaya nake sa ta yi kafin komai. Ta ɗauki waƙar a wayarta da bakinta, ta tura wa kanta, kwanan wata ya zauna. In za a saya, a rubuta a takarda me aka saya, na wane fim, na tsawon yaushe. Doka ba ta ce sai kin yi rajista kafin waƙa ta zama taki ba, da zarar kin rubuta ko kin naɗe ta taki ce, kuma an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023. Sai dai doka ba ta bin ki cikin ɗakin soso, takardar hannunki ce take bin ki. Yawancinsu kunya suke ji su nemi takarda a wajen wanda suke kira Yaya ko Oga. Na gane, ni ma na ji ta.

Baba ya bar kasuwa bara, gwiwoyi sun hana shi, Yaya ne a kan buhunan. Bai taɓa ce mini ya ji waƙata ba, ban taɓa tambayarsa ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce na kai yara gaisuwa, na same shi a zaure kan buzunsa. Bayan mun gaisa, yaran sun shige wajen Umma, na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Zauna."

Ya ce, "Waƙar nan taki ta Jos. Akwai kuskure a baiti na uku."

Na ce, "Wane kuskure, Baba?"

Ya ce, "Kin ce bishiyar fiyarmu. Ba tamu ba ce. Baban yarinyar nan ne ya dasa ta, shekarar da aka haifi yayanki, ni na riƙe masa bokitin ruwa. A gidansu take. Reshe ne ya tsallako mana, shi kuma ya ce duk abin da ya faɗo ɓangarenmu namu ne." Ya ɗan yi shiru yana jan carbi. "Bai kamata a ci wa mutum bishiya a waƙa ba. Ana iya gyarawa, ko sai an nemi izinin wani?"

Na ce, "Ana iya gyarawa, Baba. Ba izinin kowa."

Ya ce, "To a gyara."

A daren na jira janaretan maƙwabta ya mutu, na buɗe sif, na rataya barguna, na nemo fayil ɗin 2020. "Fiyarmu" da "fiyarsu" gaɓa uku-uku ne, baitin bai yi ɗingishi ba.